Tambaya da Amsa: Icen Ƙofar Gida da Garkar Unguwa

Wasiƙun wannan karon kusan duka daga cikin birnin Maradi suka fito, kuma magana ɗaya suke zagayawa: an dasa, bai yi ba. Mun haɗa masu kama da juna, ma'aikatan gandun daji da malaman gona da ke kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu samari ne 'yan wata fada a unguwar Zariya. Bara, ranar 3 ga Agusta, muka dasa bedi (dogon yaro) arba'in a bakin layinmu, har mai unguwa ya zo ya sa albarka. Kafin damina ta sake faɗuwa shida kaɗai suka rage. Wasu na cewa irin ne ba shi da kyau, wasu na cewa ƙasar ce. Bana muna son mu sake. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, samari, Allah ya yi muku albarka. Kafin ku ɗora wa iri ko ƙasa laifi, in akwai sauran kututturen matattun ku tono uku ko huɗu ku duba, don gawar icce tana faɗin abin da ya kashe ta. In kun tarar da leda naɗe da saiwa, mai dashen ne bai cire ta ba. In saiwar ta nannaɗe kamar gammo, dashen ya daɗe a leda tun wurin reno kuma ba a datse gindinsa ba. In ɓawon gindi ya cinye ga ƙasa liƙe a jiki, gara ce. In kan a gutsure yake, akuya ce. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ƙishirwa ce, kuma ita muka fi zato.

Ku yi lissafi tare da mu. Ruwan da Maradi take samu a shekara wajen milimita 500 ne, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Abin da aka dasa 3 ga Agusta sati bakwai ko takwas kaɗai ya rage masa na ruwan sama, sannan ya shiga wata takwas ko fiye babu ɗigo, saiwarsa ba ta kai ko kamu biyu ba. A ranin farko kowane dashe yana son lita 10 sau biyu a sati daga Oktoba zuwa Fabrairu, daga Maris har ruwa ya sauka kuma a ninka. Itace arba'in ke nan lita 800 a sati, wato bido 32 na lita 25, da bazara 64. Wa zai saya? Wa zai ɗauko? Babu fadar da za ta jure wannan har wata takwas, komai yawan shayin da za a dafa.

Don haka bana ku dasa goma ko goma sha biyu. Kowane ɗaya a ƙofar gidan da mai gidan ya ce da bakinsa ya ɗauki nauyin shayar da shi, ku rubuta sunan gidan a littafi. Wanda ya ce "ku dai dasa, Allah zai raya", ku gaishe shi ku wuce gaba. Aikin fada shi ne haƙa rami, yin kariya, da zagaye sau ɗaya a sati a ga wanda ya yi yaushi. Ƙidayar da za ku yi alfahari da ita kuwa ta watan Mayu ce, ba ta ranar dashe ba.

Shi kansa dashen ga yadda ake yi. Ku haƙa ramin tun watan Yuni: faɗi, tsawo da zurfi kowanne santimita 50. Ƙasar bakin titi a danne take, sau da yawa akwai burji ko ɓaraguzan gini a ciki. Sai kun fasa wannan daɓen kun kai ƙasa mai laushi, in ba haka ba ramin ya zama tukunya, saiwa ta yi ta kewaya a ciki. Ƙasar sama ku ajiye ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. Ku cuɗa ta saman da bokiti ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, wanda ya yi baƙi ba ya wari, ku mayar cikin ramin ku bari ruwa biyu ko uku ya dake shi ya zauna. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Wurin sayen dashe kada ku bi dogo. Ku zaɓi mai tsawon santimita 30 zuwa 50, kaurin jikinsa kamar fensir, wanda saiwarsa ba ta huda leda ta kama ƙasa ba. Ranar da aka yi ruwa mai kyau, da yamma, ku kwantar da ledar ku yanke gindinta kamar kaurin yatsa da wuƙa mai kaifi, wannan shi ke cire nannaɗaɗɗiyar saiwa. Ku tsaga ledar ta gefe, ku sa dashen a rami, sannan ku zare ta a hankali kada dunƙulen ƙasar ya fashe. Wuyan dashen, inda jiki ya haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Binne shi da zurfi yana ruɓar da wuya. Ku taka kewayen da ƙafa, ku yi masa kwari mai faɗin mita ɗaya da zai riƙe ruwa, ku zuba lita 10 nan take ko da hadari ya haɗo.

Ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace ce ta ƙasar Nijar, ba mu ce ku bar ta ba. Amma icce bai san kalanda ba. In ƙasa ta jiƙa zuwa zurfin kamu ɗaya tun tsakiyar Yuli, ku dasa, ranar bikin sai ku kira mai unguwa ya ga abin da ya riga ya kama.

Tambaya: Ni awaki ne suka hana ni sakat. Sau uku ina dasawa a ƙofar gidana a Sabon Gari, sau uku suna cinyewa. An ce mini bedi yana da ɗaci, dabba ba ta cin sa. (Wani dattijo)

Amsa: Baba, wanda ya gaya maka haka bai ga akuyar birni a watan Afrilu ba, wadda take cin kwali da leda. Ɗacin bedi ba ya hana ta. Kuma ba cin ganye kaɗai ba ne, in ta gutsure toho na sama sau biyu ko uku dashen sai ya tsugune ya zama kurmi, in ta ɓare ɓawo ta kewaye jikin kuwa ya mutu ke nan.

Kariya a yi ta ranar dashe, ba gobe ba. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta tubali ko bulo: a gina da'ira mai faɗin mita ɗaya daga ciki, tsayi mita ɗaya da rabi, a riƙa barin tazara tsakanin tubali da tubali kamar saƙar zuma don iska da haske su shiga. In aka toshe ta ruf, dashen zai yi ta miƙewa siriri yana neman rana, ranar da aka rushe ginin iska ta karya shi. A bar ƙofa ƙarama a ƙasa wadda bokiti zai shiga. Ta ragar waya ta fi saurin yi: mita biyu da rabi na raga yana ba da da'ira mai faɗin santimita 80, tsayinta ya kai mita ɗaya da rabi, a ɗaure ta a jikin ƙarafa uku da aka kafa da zurfi. Matsalarta ɓarayi, don haka a zuba ɗan siminti a gindin ƙarafan. In faɗin da'irar ya gaza santimita 80 akuya za ta dafa ragar da ƙafafun gaba ta miƙa wuya ta ci abinta.

Ƙaya ta fi araha, amma tana ruɓewa, mata da yara suna zare ta su hura wuta, sai an riƙa sabunta ta. Zana kuwa gara da awaki duk abincinsu ce. Masu sa tano, wato gangar ƙarfe, da aka fasa sama da ƙasa su sani ƙarfe yana ɗaukar zafi da bazara ya gasa dashen, sai an huda masa ramuka da yawa a jiki. Kariyar ta zauna shekara biyu zuwa uku, har kan iccen ya wuce mita biyu ɓawonsa ya yi kauri. Gab da babbar Sallah kuma a sa ido, kada wani ya mai da ita turken ragon layya.

Tambaya: Ina son inuwa a ƙofar gida, amma maƙwabcina ya ce saiwa za ta fasa masa katanga, ga kuma wayar lantarki ta bi ta samanmu. Wane icce zan sa, kuma a ina? Sannan sai na nemi izini? (Daga unguwar Ali Ɗan Tsoho)

Amsa: Malam, maƙwabcinka yana da gaskiyarsa, kuma gara ku yi maganar yanzu da ku yi ta gaban mai unguwa bayan shekara goma. Fara da auna faɗin layin. Lungun da bai kai mita shida ba babu wurin babban icce a cikinsa, sai dai lalle ko zogale a jikin bango, ko ka dasa cikin gida rassan su leƙo waje. In layin yana da faɗi, bedi yana son aƙalla mita uku tsakaninsa da katanga, huɗu ya fi, da mita bakwai ko takwas tsakanin icce da icce. Maɗaci ya fi shi girma da kyan inuwa, shi ne icen manyan tituna, amma yana son mita goma zuwa goma sha biyu da ruwa mai yawa a shekarun farko. Cediya, durumi da gamji na dandali ne da ƙofar fada. Saiwarsu tana tafiya nesa ta bi danshi, ta shiga masai, ta ɗaga daɓe, kada su kusanci gini da ƙasa da mita goma. Icen turare ma a bar shi: inuwarsa kaɗan ce, shan ruwansa da yawa, rassansa suna karyewa da iskar farkon damina.

Tsamiya da aduwa suna jure ƙishirwa fiye da kusan kowa, sai dai jinkirin girma, wanda ya dasa su jikokinsa yake yi wa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, abin da ya sa manomi yake ƙaunarsa, amma ƙayarsa da girmansa sun fi dacewa da filin idi, harabar makaranta ko maƙabarta. Mangwaro, gwaiba da lemun tsami a sa su cikin gida. A bakin titi jifan yara kaɗai ya isa ya haɗa ka faɗa da unguwa.

Ƙarƙashin waya kai tsaye kada ka sa bedi, don ƙarshensa ko a yi masa aski na wulaƙanci duk shekara, ko reshe ya taɓa waya da damina. Ka tsallaka ɗaya gefen layin in maƙwabcin can ya yarda, ko ka sa gajere irin magarya 'yar aure wadda ake iya tsayar da ita a mita uku. Ka tambayi inda bututun famfo ya bi kafin ka sa diga, ka bar mita biyu. Ka bar magudanar ruwa a buɗe. A kusurwar mararraba kuma ka ja baya mita biyar ko fiye, don mai babur ya ga abin da ke tafe.

Abin da ke sa saiwa ta yi yawo a sama har ta kai katanga, sau da yawa ban-ruwa ne na yayyafi kullum. Ruwa mai yawa jefi-jefi yana nutsewa, saiwa ta bi shi ƙasa. In har yanzu maƙwabcin bai natsu ba, a haƙa siririn rami mai zurfin santimita 70 tsakanin iccen da katangar, a tsayar da tsohon kwanon rufi a ciki a mayar da ƙasa. Ba ya hana saiwa har abada, amma yana karkatar da ita ƙasa.

Batun izini: bakin titi ba naka ba ne ko da ƙofarka yake kallo, filin hukuma ne. Icce ɗaya ko biyu, sanar da mai unguwa ya wadatar a al'ada. In layi guda za ku dasa, ku je ma'aikatar magajin gari a nuna muku iyakar titi, don kada ranar da za a shimfiɗa kwalta ko a haƙa magudana a tumɓuke muku wahalarku. Ku biya ta ofishin gandun daji ma, su ne suka san wuraren reno na kirki.

Tambaya: Ruwan famfo tsada, na 'yan garuwa ma tsada. Zan iya shayar da dashe da ruwan wanke-wanke da na wanki? (Wata uwargida daga Bagalam)

Amsa: Hajiya, kina iyawa, amma ba kowane ba. Ruwan alwala shi ne na ɗaya, shi ya sa iccen ƙofar masallaci yake riga na kowa girma. Sai ruwan wankin shinkafa, gero da ganye, sai ruwan ɗauraya na biyu da na uku. Ruwan wanka ma babu laifi ga iccen da ya shekara. Wanda za ki kiyaye shi ne ruwan farko na wanki mai garin sabulu da yawa, da duk wanda aka sa wa jabel, ruwan nan mai faranta tufafi. Gishirinsu yana taruwa a ƙasa, sai ki ga bakin ganye ya ƙone, fuskar ƙasa ta yi fari-fari. In kin ga haka ki tsaya, ki kwarara ruwa mai kyau bido biyu a lokaci ɗaya ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi. Ruwan tukunya mai maiƙo yana toshe ƙasa ya kira ƙuda da tururuwa. Kuma duk waɗannan na icce ne, kada su taɓa salati ko wani ganyen da ake ci ɗanye.

Kada ruwan ya kwanta a gindin har ya kwana, gidan sauro ke nan. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a cikin kwarin, kaurin yatsu huɗu, amma ki bar tafin hannu ɗaya tsakaninsa da jikin iccen saboda gara.

Ga dabarar da ta fi rage asara a ƙasa mai rairayi. Ki sami tulun ƙasa wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba, mai cin lita 10 ko kusa, ki binne shi har wuya, taki ɗaya daga gindin dashen, ki rufe bakinsa da tsohon faranti da dutse a kai. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shanye shi. Ki leƙa bayan kwana uku ko huɗu ki cika. A tulu ruwa mai tsabta kaɗai za ki zuba, sabulu da maiƙo suna toshe jikinsa.

Tambaya: Mu mata ashirin ne masu asusu a Sura Bildi. Wani bawan Allah ya ara mana fili, mita 20 da mita 15, ya ce mu yi garka kafin ya tashi gini. Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu raba aikin kada a yi faɗa?

Amsa: Sannunku da ƙoƙari, iyayenmu. Kuna da abin da garkunan haɗin gwiwa da yawa suka rasa, wato akwati, littafi da ranar taro. Tsarin asusun Mata Masu Dubara ma a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991, saboda haka ba baƙon abu za mu koya muku ba.

Farko takarda. A rubuta aron, mai fili ya sa hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu: shekara nawa, kuma in zai karɓa ya ba ku sanarwar wata uku ko huɗu don ku kwashe abin da ke ƙasa. Tunda aro ne kada ku dasa mangwaro ko wani icce mai daɗewa, zai jawo zargin kuna neman riƙe fili. Na biyu, ku bincika abin da filin ya taɓa zama. In juji ne da aka daɗe ana zubar da batura, baƙin mai da tokar leda, kada ku shuka abin ci kai tsaye. A kwashe saman, a kawo sabuwar ƙasa a tayar da fangali a kanta, ko a shuka cikin buhuna da rabin tano. Na uku shinge. Kewayen filinku mita 70 ne, kuma dare ɗaya na awaki ya isa ya share aikin wata biyu. Kada iri ya shiga ƙasa sai shinge da ƙofa mai makulli sun tsaya.

Sai ruwa, wanda shi zai faɗa muku girman garkar, ba faɗin fili ba. A kan tudu ba kamar fadamar gulbi ba ne inda ruwa yake kusa, a nan famfo ne ko saye. Kowane murabba'in mita na ganye yana shan lita 5 zuwa 6 a rana da sanyi, da bazara ya kai 8 ko fiye. In kowace mace ta ɗauki fangali ɗaya mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyar, fangali ashirin murabba'in mita 100 ke nan, lita 600 a rana, bido 24. Ku kai wannan lissafin wurin taro ku sa masa kuɗi kafin ku sayi iri. In ya fi ƙarfin akwati ku fara da rabi. Sauran filin ya tafi ga hanyoyin tsakanin fangali, ramin taki, wurin reno da tano biyu ko uku na ajiyar ruwa saboda ranar da famfo ya ɗauke.

A rairayi fangali ya zama mai ɗan kwari, bakinsa a ɗage, don ya riƙe ruwa. Kowane fangali a ba shi ruɓaɓɓen taki bokiti biyu zuwa uku a cuɗa da ƙasa sati ɗaya kafin dashe. A yi reno a Oktoba, a dasa a Nuwamba. Salati sati uku yake yi a reno, a dasa shi da tazarar santimita 25, bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ya isa cira. Tumatir sati huɗu a reno, tazara santimita 50. Karas ba a dasa shi, shuka shi ake yi a layi sannan a rage. Kada ku dasa salati duka rana ɗaya, ku raba shi sati bibbiyu, in ba haka ba ya nuna tare ku rasa mai saye. Daga Maris salati da kabeji sun gama, zafi zai sa salati ya yi tsiri ya yi ɗaci. Lokacin alayyafo, rama, yakuwa, lalo da kuɓewa ke nan.

Zogale ku jera shi a bin shinge daga ciki, mita ɗaya tsakani, ƙwaya biyu a rami. In ya kai ƙugu a tsinke kansa don ya yi rassa, in aka bar shi sai ya miƙe kamar sanda ganyen ya fi ƙarfin hannu. Kuka ma ana shuka ta a fangali kamar alayyafo don ɗanyen ganye: a zuba wa ƙwayar ruwan zafi da aka sauke daga wuta, ta kwana ɗaya ko biyu a ciki, a shuka da tazarar taki ɗaya, a riƙa tsinkar ganye ba a barin ta ta yi tsawo.

Rabon aiki kuwa, shawararmu ita ce kada ku yi "komai na kowa". Garkar da aka ce ta kowa ce, mata huɗu ne za su yi ta wahala, ashirin su zo rabo, daga nan gunaguni ya fara. Kowace ta san fangalinta, abin da ya fito nata ne. Abin da ake haɗawa shi ne shinge, ruwa, reno, taki da makulli, kuma kowace ta zuba kuɗin ruwa ranar zubin asusu. A yarda tun farko: wadda ta haihu, ko rashin lafiya ko rasuwa ta same ta, 'yan'uwa su shayar mata. Wadda ta bar fangalinta sati biyu babu uzuri, a ba wata. A rubuta, a karanta gaban kowa tun ba a san kan wa zai faɗa ba.

Tambaya: Tsutsa ta cinye mini ganyen zogale ta bar shi kamar raga. An ba ni wani magani a kasuwa cikin kwalba babu rubutu. In fesa?

Amsa: Kada ka fesa. Ganyen da za a yi kwaɗo da shi jibi ba a zuba masa abin da ba a san sunansa ba, wasu magungunan na auduga ne. Ka sassabe zogalen da ya lalace ka ƙone rassan, zai sake toho. Sabon tohon ka kare shi da ruwan bedi: rabin kilo na busassun 'ya'yan bedi marasa funfuna, a daka, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun wanki kamar kan yatsa a ciki don ya kama ganye. A fesa da yamma, sama da ƙarƙashin ganye, saboda rana tana kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe tsutsa nan take, hana ta ci yake yi, don haka a maimaita duk sati har sau uku. Ba a ajiye shi, wanda aka haɗa yau a yi aiki da shi yau.

Tambaya: Na sayi fili a sabon yanka a bayan gari. Akwai kututturen kalgo da aduwa suna toho a gefen da zai zama ƙofar gida. Magina sun ce a tumɓuke su a dasa bedi. (Wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, ka hana su, in dai ba cikin layin tushen gini suke ba. Wannan kututturen yana da saiwar da ta shekara da shekaru a ƙasa, ba ya neman bido ko ɗaya daga wurinka, kuma zai riga duk wani dashe tashi. Abin da manoman jihar nan suke kira sassaben zamani ke nan, wanda aka fara yaɗawa a ƙauyukan Maradi tun 1983, har daga wasu ƙasashe ake zuwa koyo. Abin mamaki, a cikin birnin kansa sai a share fili ƙal sannan a tafi sayen dashe a leda.

Ka duba tohon, ka zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran daga tushe da wuƙa mai kaifi. Waɗanda ka bari ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce rabi, ganyen sama shi ke ciyar da su. Yankan ya riƙa tafiya daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya sulluɓe. Ka ɗaura jan ƙyalle a jiki don masu neman itacen wuta su san da mai shi, ka yi musu kariya irin wadda muka faɗa wa Baba na Sabon Gari, ka ce wa direban da zai kawo yashi da tsakuwa ya juye nesa da su. Bayan shekara ɗaya ka bar guda ɗaya, wanda ya fi kyau.

In kuwa akwai babban icce tsaye a filin, musamman gawo, kada magina su sa masa gatari. Dokar gandun daji ta 2004 ta kare shi tare da wasu itatuwa, ba a sare su sai da izinin ma'aikatar. In reshe ne ya tsare wurin gini, yanka uku ake yi: a fara tsaga shi ta ƙasa kamar kamu ɗaya daga jikin iccen, a sare ta sama gaba kaɗan da tsagar har ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba, don ta nan ciwon yake rufewa.